Dukiyar da Ba Ta Shiga Kasafi: Nawa Ne Kuɗin Fadamar Haɗeja-Nguru?

Kowace damina, ruwan da ya sauka a kan duwatsun Jos da dazuzzukan kudancin Kano yakan gangara arewa maso gabas ta kogunan Jama'are da Haɗeja. In ya iso inda jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi suka yi iyaka, sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tuddan yashi, ya rasa hanya guda da zai bi, ya warwatsu cikin rassa da tafkuna da kududdufai. Daga watan Yuli yake fara malala, ya cika ya batse a Agusta da Satumba, sannan ya riƙa ja da baya a hankali har cikin rani. Wannan shi ne yankin da ake kira fadamar Haɗeja-Nguru, kuma an ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan ɗaya da rabi ne abincinsu ya rataya a kansa.

Wasu sassa na wannan fadama suna ƙarƙashin kariyar doka. Akwai sashen Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, kuma a cikinsa tafkin tsuntsaye na Dagona yake. Akwai tafkin Nguru da mashigar Marma, wurin da Nijeriya ta fara sakawa, a shekarar 2000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Akwai kuma gandun Baturiya a Jigawa, wanda shi da Dagona suka shiga jerin a 2008. Tambayar da manomi da ɗan majalisa da kwamishinan kuɗi sukan yi game da irin waɗannan wurare ɗaya ce: wannan ƙasa da aka killace, me take kawowa? Fadamar Haɗeja-Nguru na cikin wurare ƙalilan a Afirka da masana tattalin arziki suka zauna suka amsa tambayar da alƙaluma, kuma amsar da suka samu ta shiga littattafan koyarwa a jami'o'in duniya.

Gona ɗaya, girbi uku

Kafin a zo ga lissafi, sai an san abin da ake lissafawa. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai wuce milimita 500 zuwa 700 ba, kuma duk a cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Da shi kaɗai aka dogara, gero da dawa da wake ne iyakar abin da ƙasar za ta bayar. Ambaliya ce ta sauya lissafin.

Kafin ruwa ya iso, manomi ya shuka shinkafa a fadama, ta tashi tare da ruwan. Ruwan na shigowa da kifi, wanda ke bazuwa cikin ciyayi ya yi ƙwai ya hayayyafa: tarwaɗa, karfasa, gaiwa, ragon ruwa. Masunta, Badawa da Hausawa da Barebari, su bi shi da koma da taru da gora. In ruwa ya fara janyewa, a bi sahunsa a shuka wake da masara da rogo da kabewa a kan laimar da ya bari, ba taki ba ban-ruwa. Sanyi na shigowa masu injin ban-ruwa su kafa alkama da tattasai da albasa da tumatir. Bayan girbi, Fulani makiyaya su sauko daga tudu da shanunsu, su ci kara da ɗanyar ciyawa a lokacin da duk dajin da ke kewaye ya bushe ƙurmus, su bar wa gonar taki. Fili guda ya ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa.

A gefen wannan akwai abin da ba a shuka shi ba. Goruba na ba da kaba, wadda mata ke saƙa tabarma da igiya da faifai da ita, ga 'ya'yanta da ake kaiwa kasuwa buhu-buhu. Akwai itacen girki, da kanwa, da bado, da zuma, da ganyayen miya da na magani. Wani bincike da Derek Eaton da Marie-Thérèse Sarch suka wallafa a 1997 ya nuna cewa waɗannan kayan daji ginshiƙi ne a kuɗin shigar gidaje da dama, musamman ga mata da marasa gona. Bandar kifin da ake lodi a kasuwannin Haɗeja da Nguru da Gashuwa kuwa, har kudancin ƙasar nan take kaiwa.

Dam biyu da alƙalamin masana

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa, ya sa gwamnatoci suka ga babu mafita sai a tare ruwa. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, mai ɗaukar ruwa kubik mita kusan biliyan biyu. Ita ke ciyar da shirin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, tana kuma cikin masu shayar da birnin Kano. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a yankin Ƙaraye. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. An kuma tsara wata babbar madatsa a Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda aka fara aka tsaya, ake ta taƙaddama a kanta tsakanin na sama da na ƙasa har yau.

Ba a daɗe ba na ƙasa suka ga canji. Filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 da farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo baya. Fari yana da nasa kason a wannan raguwa, amma madatsun ne suka sa ta zauna daram ko a shekarar da aka yi damina mai albarka.

A 1987 aka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗeja-Nguru, da haɗin gwiwar hukumomin Nijeriya, da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya. Tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin Turawa. An ƙidaya fiye da nau'i 370 a yankin, daga 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya zuwa baƙin da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a nan; har mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989. Sai dai ma'aikatan shirin sun gane da wuri cewa ba wanda zai saki ruwan dam saboda agwagwa. In ana so a saurare su a ma'aikatar ruwa, sai su yi magana da harshen da ake ji a can, wato kuɗi.

Aikin ya faɗa hannun masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa William Adams da Kevin Kimmage, kuma sakamakon ya fito a wani littafi da IUCN ta buga a 1993, wanda Dakta Muhtari Aminu-Kano na cikin editocinsa. Hanyar da suka bi ba ta da wuyar fahimta. Sun ɗauki abubuwa uku kawai da fadama ke bayarwa: amfanin gona, kifi, da itacen girki. Suka ƙiyasta yawan kowanne, suka buga shi da farashin kasuwa, suka cire kuɗin ƙwadago da iri da kayan aiki. Suka yi wa shirin noman rani na Kogin Kano irin wannan lissafi. Daga nan sai suka yi abin da ba a saba yi ba: maimakon su tsaya a kan ribar kowace hekta, suka tambayi ribar kowace lita miliyan ɗaya ta ruwa, tunda a wannan yanki ruwa ne ke ƙaranci, ba ƙasa ba.

Da kuɗin wancan zamani, lita miliyan ɗaya da aka bari ta malala a fadama tana kawo ribar aƙalla dala 32. Wadda aka karkatar zuwa shirin noman rani tana kawo santi 15. Tazarar ta haura ninki ɗari biyu. Dalili shi ne babban shirin ban-ruwa yana shan ruwa mai yawan gaske a kan fili kaɗan, ga kuɗin gyaran magudanai da na ma'aikata, alhali ambaliya ita ke kai kanta gona, ta zo da taki, ta zo da kifi, ba a biya kowa ba.

Bayan shekara biyar, a 1998, Barbier da masanin ruwa Julian Thompson suka auna abin da zai faru in aka kammala dukkan madatsu da shirye-shiryen ban-ruwa da aka tsara a saman kogunan. Suka gano cewa ƙarin amfanin da za a samu a sama ba zai maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a tafka a ƙasa ba, kuma giɓin zai kai kusan dala miliyan 20. Sun kuma nuna cewa in aka riƙa sakin ruwa daga madatsun a lokacin damina, a kwaikwayi ambaliyar asali, asarar za ta ragu.

Ribar da ke ƙarƙashin ƙasa

Wancan lissafi bai haɗa da kiwo ba, bai haɗa da kaba da kanwa ba, bai kuma haɗa da aikin da ya fi kowanne ɓoyuwa ba. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama ba duka ke ƙafewa ko wucewa ba. Wani kaso yana tsatsafawa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da bakin kogi, waɗanda mazaunansu ba su taɓa ɗaukar kansu a matsayin masu cin moriyar fadama ba.

Gayatri Acharya da Barbier sun bi wannan sawu a ƙarshen shekarun 1990. Sun duba masu noman alkama da kayan lambu da ke jan ruwa da inji daga gajerun rijiyoyin burtsatse, suka kuma duba gidajen da ke ɗebo ruwan sha da kansu ko su saya wurin 'yan garuwa. In ruwan ƙasa ya yi nisa, injin yana ƙara shan mai, guga tana ƙara cin igiya da lokaci, ɗan garuwa yana ƙara kuɗi. Da suka tattara, sai suka ƙiyasta cewa saukar ruwan ƙasa da mita ɗaya tak zai jawo wa gidajen yankin asarar kusan dala 13,000 a kowace rana, a ruwan sha da na aikin gida kawai. Wannan kuɗi ba ya bayyana a kasafin kowace jiha. Yana fita ne daga aljihun magidanci, da ƙafar yarinyar da ke tafiya rijiya, da awannin da ta rasa a makaranta.

Ruwan da ya tsira daga fadama shi ke zama kogin Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi. Tattasan Diffa ta Nijar da ya yi suna a kasuwannin ƙasashen biyu da wannan ruwa ake noma shi. Abin da aka yanke a ofis a Kano yana isa gonar manomin da ke wata ƙasa.

Ba mu kaɗai ba

Irin wannan lissafi ya zama fanni mai zaman kansa. A 1997 Robert Costanza da abokan aikinsa suka wallafa ƙiyasi a mujallar Nature cewa hidimomin da dazuzzuka da tekuna da dausayoyi ke yi wa ɗan Adam sun kai dala tiriliyan 33 a shekara, a lokacin da duk abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa bai wuce tiriliyan 18 ba. An yi ta sukar alƙaluman, amma sun buɗe muhawarar.

Misalin da ya fi shiga kunnen masu mulki shi ne na birnin New York a Amurka. A shekarun 1990 birnin ya fuskanci zaɓi: ko ya gina matatar ruwa ta dala biliyan 6 zuwa 8, ban da ɗaruruwan miliyoyi na gudanarwa duk shekara, ko ya kare dazuzzuka da gonakin tsaunukan Catskill inda ruwansa ke fitowa. Ya zaɓi na biyu a 1997, ya ware abin da bai kai biliyan 2 ba a farko wajen sayen filaye da biyan manoma su gyara yadda suke aiki. A shekarar ce kuma Kosta Rika ta fara biyan masu filaye kuɗi don su bar dajinsu a tsaye, daga harajin man fetur. A Kenya, tun 2015 akwai asusun da kamfanoni da hukumomin da ke amfani da ruwan kogin Tana ke zuba kuɗi a ciki, ana tallafa wa manoman saman kogin su hana zaizayar ƙasa, domin Nairobi ta sha ruwa mai tsabta. Abin da ya haɗa su ukun shi ne wanda ke cin moriya a ƙasa ya yarda ya biya wanda ke kiyayewa a sama.

Kano ma tana da irin wannan alaƙa, ko da ba a rubuta ta ba. Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu, yana kwance ne a saman madatsar Tiga, kogin Kano na ratsa shi. Bishiyoyinsa ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike dam da yashi. Duk buhun gawayin da aka fitar daga Falgore, akwai wani ɓangare na kuɗinsa da mai tumatir a Kadawa da mai buɗe famfo a Kano za su biya nan gaba.

Kacalla, jan-baki da shingen da ba ya tare ruwa

Abin da ya faru a fadamar bayan waɗancan bincike ya nuna cewa ba yawan ruwa kaɗai ne magana ba, har da lokacinsa. Domin a shayar da gonakin rani da birnin Kano, madatsun suna sakin ruwa duk shekara. Rassan kogin da a da sukan bushe ƙaƙas da rani sai suka zama ba sa rabuwa da ruwa, kuma abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta mamaye dubban hektoci, ta toshe mashigai, yashi ya taru a gindinta. Sakamakon ya zo biyu: wasu garuruwa, musamman ta ɓangaren Marma da Nguru, ruwa ya yi musu yawa ya cinye gonaki ya ƙi janyewa, wasu kuma rassansu suka mutu, fadamarsu ta koma tudu. Kacallar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. A manyan ambaliyoyin 2020 da 2022 da suka yi wa Jigawa ɓarna, toshewar hanyoyin ruwa na cikin abubuwan da aka yi ta kuka da su.

A nan ne raunin killace wuri da doka kawai ke fitowa. Ma'aikacin gandun daji zai iya kama mafarauci a Dagona, ya hana mai gatari shiga Baturiya, amma ba shi da iko a kan ƙofar dam da ke nisan ɗaruruwan kilomita, wadda ita ce ke yanke ko tafkin zai cika bana. An yi yunƙurin ɗinke wannan ɓaraka a 2006, lokacin da jihohi shida da kogunan suka ratsa, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun amana na kula da kwarin kogunan baki ɗaya. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga Baturiya da Falgore zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, cikin sababbi goma. Matakai ne masu kyau, amma takardar amincewa ba ta cire kacalla, ba ta kuma tsara ranar sakin ruwa.

Wa ke biya, wa ke ci?

Adalci ya wajaba a ɓangarori biyu. Shirin noman rani na Kogin Kano ya raya garuruwa, ya samar da aikin yi ga dubban matasa, ya mai da Kura cibiyar shinkafa, kuma birni mai miliyoyin mutane ba zai zauna ba ruwan sha ba. Alƙaluman Barbier ma sun tsufa; farashi ya canja, yawan jama'a ya ninka, dabarun ban-ruwa sun sauya. Ba wanda ke cewa a rushe Tiga. Abin da binciken ya tabbatar, wanda bai tsufa ba, shi ne ruwan da ya wuce dam ya malala a fadama ba asararre ba ne, kuma duk lissafin ribar sabon aiki da bai cire asarar na ƙasa ba, rabin lissafi ne. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Matsalar a nan ita ce mai ƙonawa daban, mai rumbun daban.

Haka kuma mazauna bakin gandun daji suna da hujja in sun yi ƙorafi. Su ake hana kiwo da saran itace da su a wuraren da kakanninsu suka yi, su tsuntsaye ke ci wa amfanin gona, alhali moriyar ruwan ƙasa da kifi da kariya daga ambaliya tana bazuwa ga kowa. In ba su ga nasu kason a hannu ba, ta hanyar aikin gadi da jagorancin baƙi, da izinin ɗiban kaba da zuma bisa ƙa'ida, da burtali da mashaya ga makiyaya, dokar za ta zauna a takarda. Kuma kiyayewa ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Tun kafin a san da Ramsar, sarakunan ruwa da bulamai sukan rufe wasu tafkuna, a hana taɓa su sai ranar da aka buɗe su ga kowa. Bikin kamun kifi na Bade a Gorgoram a kan wannan al'ada ya ginu.

Abubuwan da ake buƙata sanannu ne, kuma masana sun daɗe suna faɗar su. A tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa yadda fadama za ta samu ambaliyarta da damina, rassan kogi kuma su samu bushewa da rani. A buɗe mashigan da suka toshe, a ci gaba da kula da su, ba aikin shekara ɗaya ba. A sa wani kaso na kuɗin ruwan da manyan masu amfani ke biya ya koma ga kula da Falgore da Baturiya da Dagona da mutanen da ke kewaye da su. Kafin a sake ɗora bulo a Kafin Zaki, a sabunta lissafin 1993 da farashin yau, a haɗa da kiwo da rijiyoyi da tattasan Diffa, a buga sakamakon kowa ya gani, tun daga majalisar dokoki har zauren bulama. Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a datse ba a wannan kwari, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa a yau.